Wanda Ya Tsaya Cik A Ƙofar Gumel

Shafi na 14

Da sunan Allah nake farawa. Masu aiko mini da saƙo cewa hoto haramun ne, don me na sa shi a labari, na ji ku. Ku karanta shafin nan har ƙasa tukuna, sannan ku gaya mini wanne ya fi muni, hoto ko ƙaryar da aka naɗa wa rawani.

*

Gilashin ɗaukar hoto biyu sun lalace tun hantsi bai gama ɗagawa ba. Saura ɗaya tak a jakar Dogo mai hoto.

Ilu ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Ya kwance rawaninsa ya sake naɗawa. Ya dubi rana, ya dubi matarsa Safara'u da ke zaune a inuwar kuka da cikinta na wata bakwai, ya sake duban rana.

Jiya suka iso Gumel daga Ɗanzomo. Yau bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, ayarin masu tafiya Makka da ƙafa zai tashi, kuma Ilu yana cikinsu. A wancan zamani mai sauri ne yake dawowa a shekara huɗu. Shi ya sa daga saukarsu ya nemi baƙon nan mutumin Ikko, wato Legas, wanda ya biyo masu awon hanyar jirgin ƙasa zuwa Gagarawa, ya ratso Gumel da akwatinsa mai ƙafa uku. Mutanen gari sun kasa faɗin sunansa, suka laƙaba masa Dogo. Suka shirya zai ba Ilu safiyar yau sukutum, shi kaɗai, a wuri uku: ƙofar masallacin Juma'a, gindin kukar kasuwa, da ƙofar gabas ta gari, inda ayari zai fita.

"Malam Ilu," in ji Dogo, yana naɗe baƙin ƙyallen da yake lulluɓa da shi, "ƙirga goma kawai na roƙe ka a masallaci. Goma. Ko jaki yana tsayawa in ƙirga goma."

"Ƙuda ne ya shiga mini hanci."

"Ai da ƙudan na ɗauka. Ya fi ka natsuwa."

Safara'u ta rufe baki da mayafi. Ilu bai yi dariya ba. Gilashin da ya lalace a masallaci laifinsa ne, ya yarda. Na kasuwa kuwa ba nasa ba ne. Dogo ya kai shida a ƙirga ke nan Baffa Barau ya ratso ta gaban akwati ya kama hannun rigarsa. Baffa Barau ƙanen mahaifinsa ne, shi ya auri uwarsa bayan an fid da rai da maigidan, shi ya rene shi. Rakiya ce ta kawo shi Gumel.

Kuma har yanzu bai saki hannun rigar ba.

"Ya isa haka," in ji Baffa. "Mu koma masauki."

"Saura ƙofar gabas, Baffa."

"Ba za ka je ba."

Ilu ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya sunkuyar da kai.

"Me na yi?"

"Au, tambaya kake? Mutum zai tafi ɗakin Allah ya fara da zunubi! Ba ka ji malamai sun ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura ba? Ka tafi ka bar wa mai ciki gidan da mala'ika ba ya shiga?"

"Allah Ya huci zuciyarka. Amma a masallaci kana tsaye, ba ka ce komai ba. Har kai ka gyara mini wuyan riga."

Ilu ya ci gaba.

"A nan ma ba ka ce komai ba, sai da ka ji Dogo ya ce daga nan sai ƙofa."

"Ni kake tuhuma, Ilu?"

"Wane ni."

Ku riƙe wannan, masu karatu. Duk wanda ya tashi hana ku abu da sunan addini, ku duba ko tun farko ya hana, ko kuwa sai da wutar ta doso rumbunsa.

Ilu ya ɗago kai, abin da bai taɓa yi a gaban Baffa ba.

"Ina ciki mahaifina ya kama hanyar nan. Kuka ce ya rasu a gabas. Shekarata talatin, Baffa, ban san kalar fuskarsa ba. In na yi mafarkinsa, bayansa kawai nake gani. Na tambayi Inna har ta koma ga Allah, abin da take cewa kawai, dogo ne. Na tambaye ka, ka ce in je in ba awaki ruwa." Ya nuna Safara'u da haɓa. "Abin da ke cikin nan ba zai tashi haka ba. In na dawo, alhamdu lillahi. In ban dawo ba, a nuna masa takarda a ce ga ubanka."

"To a ɗauka a nan! A ɗauka a bayan masauki, a ɗauka a bakin rijiya. Dole sai ƙofa?"

"Ta ƙofar nan ya fita. Ta nan zan fita."

Dogo ya saɓa akwatinsa a kafaɗa.

"Ku dai ku gama. Rana ba ta jiran dangi, kuma in ta hau tsakiya fuska baƙi take fitowa."

Baffa ya saki rigar. Ya ce ƙafarsa na ciwo, zai jira su a masauki. Ya juya ya tafi da saurin da mai ciwon ƙafa ba ya yi.

*

Ƙofar gabas cike take. Jakuna da kayan kanwa daga Maigatari suna shiga, masu itace suna fita, Yelwa mai fura tana ta kirari ga ƙwaryarta. Can cikin inuwar ƙofa, jikin bango, tsohon nan mai tufkar igiya yana zaune a mazauninsa na kullum, amawali ya rufe masa hanci da baki, idanu kawai ake gani.

Ilu ya san shi sama-sama. Sau biyu ya taɓa sayen igiyar guga a wurinsa, duka biyun tsohon ya ƙara masa gyara mai tsawo ba tare da ya roƙa ba.

"Sannu da aiki, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Hannunsa ya tsaya a kan kabar da yake murzawa.

Dogo ya kafa akwati, ya tsayar da Ilu a bakin inuwa, ya shige ƙarƙashin ƙyallensa ya fito.

"Matsa baya kaɗan. Ɗaga haɓa. Kai, ba yanka ka zan yi ba, sauke kaɗan."

"Ba za a kori mutanen nan ba?" in ji Safara'u a hankali.

"Bar su," in ji Ilu. "Ai ni na yi ciniki da shi. Akwatin ni zai ɗauka."

Haka ya ɗauka har zuciyarsa, cewa akwati ya san wanda ya kira shi, kamar yadda wanzami ya san kan da aka kira shi ya aske. Dogo ya ji, bai tsaya gyara masa ba. Cewa kawai ya yi, "Mai tafiya ba ya fitowa. Akwatina ba ya ganin mai motsi. Ka shirya? Wannan ne na ƙarshe, in ka ɓata shi sai dai ka bar wa matarka inuwarka."

Ya cire murfin idon akwati.

"Ɗaya. Biyu."

Ƙuda ya sauka a goshin Ilu. Ya ƙyale shi.

"Huɗu. Biyar."

Jaki ya goge shi da kaya ta gefen riga. Bai waiwaya ba. Ya kafa ido a kan Safara'u, ita ma ta kafa nasa a kansa kamar mai hadda, ba ta ganin kowa a ƙofar sai shi.

"Tara. Goma."

Dogo ya mayar da murfi.

"Madalla. Ashe kana iyawa."

*

Jira ya fi tsayuwar wuya. Dogo ya shige wani ɗaki a masauki, ya toshe ƙofa da taga da barguna, ya ce ko gobara ce kada a buɗe. Ilu ya je zango ya duba kayansa, ya dawo. Ya sake zuwa, ya tarar ana ɗaure wa jakuna mangala, madugu ya ce masa, "Ana idar da la'asar zan sa a busa ƙaho. Ba na ƙirga kawuna sau biyu."

Ya dawo ya buga ƙyauren Dogo.

"Tukuna!"

Aka yi azahar. Dogo ya fito da gilashin, ya jingine shi ya bushe, ya manna shi da wata takarda a cikin katako, ya ajiye a rana kamar mai shanyar kuɓewa. Ilu ya tsaya a kansa.

"Matsa, kana tare mini rana."

Baffa Barau yana zaure, carbi a hannu, ba ya ja.

Ladan ya kira la'asar. Suka yi salla a gaggauce. Ilu yana sallamewa Dogo ya fito daga ɗaki riƙe da takarda a jiƙe, ta gefe-gefe, ya ɗora masa a tafin hannu.

Ga ƙofar gari, kowace tsagar bango ta fito. Jakuna da masu itace babu su, sai wani farin hazo inda suka gifta. A tsakiya mutum biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a bayan kafaɗarsa, a tsaye ƙyam.

Ilu bai taɓa ganin fuskarsa ba sai a ruwan ƙwarya, madubi kuwa kayan mata ne. Ya dubi na gaba, ya dubi na baya.

"Wanne ne ni?"

Safara'u ta leƙo. Ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Mene ne?"

"Malam, kai ne na gaba. Na bayan ma kai ne, in ka tsufa."

Dogo ya yi murmushin mai jin daɗin aikinsa.

"Tsohonka ya fi ka iya tsayuwa. Ko ƙifta ido bai yi ba. Shi kyauta na yi masa."

"Wane tsoho? Ba ni da uba."

"Mai igiya mana. Ina cire murfi ya miƙe, ya matso bayanka, ya sauke amawalinsa."

"Ba mahaifina ba ne."

Murmushin Dogo ya ragu. Ya sa ɗan yatsa kusa da takardar bai taɓa ba.

"Malam Ilu, shekara goma sha biyu ina cin abinci da fuskokin mutane. Dubi gira, a haɗe, naka da nasa. Dubi kunnen hagu yadda ya lanƙwasa. Dubi tsagar kumatu. Shekaranjiya ina ɗaukar wani a ƙofar nan ya kira ni, ya ce, wanda ba a kira ba, in ya tsaya cik, zai fito? Na ce zai fito. Da na gan shi a bayanka yau sai na ce, to, ashe ɗansa yake jira."

Daga zaure aka ji carbi ya faɗi ƙasa.

Ilu ya taka har gaban Baffa. Bai durƙusa ba. Ya miƙa masa takardar.

"Wane ne wannan?"

"Ilu, ayari zai tashi."

"Wane ne wannan, Baffa?"

"Kayan Nasara ne. Sihiri ne. Sukan sa abin da babu."

"To rantse. Ga ka da alwala. Ka ce ba ka san shi ba, ni kuma in yaga ta a gabanka in tafi."

Baffa ya kalli takardar sau ɗaya, ya kau da kai kamar wanda ya kalli rana.

"Yaya Ishaƙ ne."

Safara'u ta zame ta zauna a dokin ƙofa.

"Ka ce ya mutu."

"Haka muka zata! Wallahi haka muka zata. Shekara ta bi shekara babu labari. Alƙali ya yanke, uwarka ta yi takaba, dangi suka taru suka ce in riƙe ta in riƙe ka. Ni na roƙa? Kana shekara bakwai na zo cin kasuwar nan, ƙannenka biyu a ƙasa, na uku a ciki. Sai na ji an kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana."

"Sai ka yi yaya?"

"Yaƙi ne ya tare su a Barno. Aka kama shi, aka sayar, aka sake sayarwa. Ya gudo da ƙafa, bai ga Makka ba, bai ga komai ba. Yana tambayata gida, ni kuma ina tsaye da zanen da na saya wa matarsa a hannuna."

"Sai ka yi yaya, Baffa?"

"Me zan ce wa uwarka? Maza biyu, ciki ɗaya suka fito? Ina za ta sa kanta a Ɗanzomo? Wa zai auri ƙannenka?" Ya share fuska da hannun riga. "Na kai shi gaban Alƙur'ani. Ya dafa, ya ce ba zai taka Ɗanzomo ba, ba zai buɗe baki ya ce shi ne wane ba. Ban tilasta shi ba. Kuka na yi, shi ya ce in yi shiru, ya ɗauka."

"Inna ta sani?"

"Har ta rasu ba ta sani ba."

"Bara ta rasu. Daga bara zuwa yau fa?"

Ilu ya ƙara matsowa kusa da shi.

"Kana ji ina cewa zan nemi kabarinsa a hanya. Kana kallo na sayar da shanun noma na yi guzuri. Kana kallo zan bar mai ciki."

"Kunya ce, Ilu."

Kunya ado ce, haka muka taso muka ji. Amma kunyar da za ta ajiye mutum shekara ashirin da uku yana murza kaba, tafiyar wuni guda daga ɗansa, ba kunya ba ce. Tsoro ne ya ari rigarta.

"Ni na rene ka," in ji Baffa, murya ƙasa-ƙasa. "Ban taɓa bambanta ka da nawa ba. Ko a kan wannan ka..."

Ƙaho ya yi kuka daga zango.

Ilu ya juya ya fita da gudu, takardar a hannu, ba takalmi.

*

Ya ratsa kasuwa, ya ture wani mai tallan tabarmi, bai tsaya ba da haƙuri ba. Bakinsa na ta gwada kalmar da bai taɓa kiran kowa da ita da gaske ba. Zai ce Baba? Ai ya ce masa Baba da safe, irin wadda ake ce wa kowane tsoho.

Ya iso ƙofar gabas.

Tabarmar na nan. Kabar na nan a jiƙe cikin kasko. Mai ita babu.

"Ina Baba mai igiya?"

Yelwa mai fura ta ɗago, ta dube shi sama da ƙasa, ta saki ludayi.

"La ilaha illallahu! Kai ne na gaban akwatin ɗazu? Shekara ashirin muna maƙwabtaka da bawan Allahn nan ban taɓa ganin bakinsa ba sai yau, ga shi kuma yanzu ya dawo mini da ƙuruciya."

"Iya, don Allah, ina yake?"

"Ya bi ayari."

"Wane ayari?"

"Nawa ne suka fita? Na Makka mana. Madugu na zuwa nan ya tare shi, a gabana. Ya ce akwai saurayi a cikin mutanenka da matarsa ke da tsohon ciki, ba zai zo ba, ni zan cike gurbinsa. Madugu ya ce, tsoho, ina guzurinka? Ya ce hannuna. Ya ce tafiya ce da ya fara tun tuni bai ƙarasa ba." Ta sa hannu ƙarƙashin faifai. "Tsaya, ya bar maka saƙo. Na ce wa zan ce ya ba ka? Ya ce kar ki ce kowa."

Ta miƙo masa igiya sabuwa, gajera, mai tufka uku, an yi mata zarge a baki ɗaya.

"Ya ce ta ɗaure ragon suna ce."

Ilu ya fita bayan ƙofa. Ga ayari can ya miƙe a hanyar gabas, jakunan ƙarshe suna shiga cikin kalgo. A bayansu duka akwai mutum ɗaya dogo, da sanda, ba kaya a kansa. Bayansa kawai ake gani.

Mai gudu zai cim musu kafin su kai fadama.

Ya ji numfashi a bayansa. Safara'u ce, ta biyo shi tun daga masauki, hannu ɗaya a ƙugu, gumi ya jiƙa mata mayafi. Ta dubi hanya, ta dubi igiyar, ta dubi mijinta.

"Malam, in tafiya za ka yi, ba ni takardar. Don ita muka zo."

Ta kama gefenta.

Ilu ya dubi fuskoki biyun da ke kai. Ya ɗaga ido ya dubi bayan da ke ƙara nisa.

Ƙaho ya sake kuka, can ƙasa-ƙasa.

"Malam," in ji Safara'u, "ka saki, ko ka zauna."

Bai saki ba.